Kaset ɗin Baffa Tanimu

A ƙasan adakar Inna na same shi,
tsakanin takardar fili da tsohon katin asibiti.
Murfinsa ya tsage.
An rubuta da jan biro: Tanimu, ɗakin Ɗanjuma, Sabon Layi.
Babu shekara, babu sunan kiɗa.

Na kai wa Mamuda mai gyaran rediyo a Ƙofar Marusa.
Ya hure shi, ya zura biro ya murza,
inda zaren ya tsinke ya liƙe da jan farce,
ya ce, "In ya yi, ya yi.
In rikoda ta tauna, ka yafe ni."

Da fari shuuu, kamar ruwan marka a kan kwano.
Sai tari. Sai wani ya ce, "Ta fara ɗauka?"
Sai tsirkiya ɗaya ta ɗaga murya,
irin muryar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba,
ta hau, ta tsaya tana rawar ɗari,
ta sauko a hankali kamar mai ciwon gwiwa.

Mamuda ya ajiye sukudireba.

Ni Baffan da na sani
mai sayar da kayan babur ne a bakin Ƙofar Guga,
mai ƙirga canji sau biyu,
wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba.
Ban taɓa ganin yatsunsa sun taɓa komai
sai carbi da sarƙar babur.
Ashe wannan ne ya haɗa jita da batirin tifa,
ya farke cikin tsohuwar rediyo ya mai da ita lasifika,
tsirkiya ta uku da ta tsinke
ya ɗaura wayar birkin keke.
Ina jin ta. Ta fi 'yan'uwanta kaushi,
kuma ita ce ba ta ƙarya.

Inna ta ce a gajeren zango ya tsinto kiɗan,
tsakar dare, kunnensa manne da akwati,
na baƙaƙen fatan da ke bayan teku.
Wai yakan ce, "Danginmu ne.
Hanyar gida ta ɓace musu, kukan bai ɓace ba."
Ya ɗauko nasu ya aza kan takun gurmi,
ya matse waya har ta yi shessheƙar goge,
'yan boko suka ce ya ɓata na Turawa,
makaɗa suka ce ya ɓata na gado.

A kiɗa na uku ya yi kuskure.
Ya yi tsaki, ya koma baya, ya sake faɗawa ramin,
karo na biyu bai fita ba,
ya zauna a ciki ya mai da shi ɗaki.
Can nesa zakaran wani gida ya sa baki.
Wata mace ta yi dariya kusa da makirfo.
Na tambayi Inna wace ce,
ta ce in miƙo mata buta.

Wajen ƙarshe batiri ya fara mutuwa,
sautin ya dishe, yana jan ƙafa,
shi kuwa bai daina ba,
sai da kiran assalatu ya ratso ta taga
daga wajen Gobarau.
Ya ɗora tafinsa kan wayoyin. Ɗif.
"Kashe, Ɗanjuma."

Shekararsa ashirin da uku a wannan ɗakin.
Yau na girme shi da ashirin.
Na bi gawarsa, na zuba masa ƙasa da hannuna,
ban san wanda nake binnewa ba.

Mamuda ya ƙi karɓar kuɗin gyara.
Ya ce, "Juya ɗaya gefen."
Muka juya.
Wani ya ɗauki labaran duniya a kai.