Awa Tara a Tudu

Da asuba muka ɗaure a Tema.
Na san gida ne tun ban ga fitilu ba:
ƙaurin kifin da ake ƙyafewa ya biyo iska
ya iske ni ɗakin wanki, can ƙasa da ruwa,
ina ninke zannuwan gadon mutum dubu biyu.

Wata bakwai ke nan a cikin garin nan mai iyo.
Hawa goma sha ɗaya, nawa ne na ƙarshe.
Na sama suna da tafkin wanka a bisa teku,
ruwa kan ruwa, mai abu ba ya ƙoshi.
Tukunya ba ta sauka dare da rana,
ni kuwa tun tashinmu bakina ke kukan yaji.

Awa tara aka ba mu.

A bakin tsani tsohuwar ɗaki na ɗari shida da huɗu,
wadda nake goge wa riguna masu furanni,
ta tare ni. Yaro, an ce garinku ne,
me ake yi a Akara?
Na ce, Iya, sa takalmin da ya san ƙafarki.
Riƙe ruwa, riƙe ƙananan sidi.
A Makola kuɗin farko gaisuwa ce kawai,
amsa da dariya, ki raba shi biyu.
Kada ki ɗauki hoton mai talla ba ki tambaya ba,
ita ma da sunanta.
Je ki ga hasumiyar Jamestown, da kwale-kwalen masunta.
Sai dai agogon jirgi shi ne agogo,
biyar na bugawa ake janye tsani,
ko uwar kyaftin ce a waje.

Suka shige doguwar mota mai sanyi,
na shige tirotiro, gwiwa a haɓa.
Cunkoso ya cinye mini awa biyu ina kallo.

Nima.
Mma Lantana na bayan tukunyar wake da shinkafa,
ba ta tashi ba, wuyana ta duba.
Tanimu, ba sa ba ku abinci ne?
Ta zuba a ganye, ta ƙara, ta ƙara.
Ta ce, a tsakiyar ruwan ina kake samun alƙibla?
Na ce yawo take, Mma, kullum sai na nemo ta.
Ta ce to, ka ci gaba da nema.

Fusena da na bari tana rarrafe
yau da gudu ta guje mini,
ta laɓe bayan ƙyaure, ido ɗaya a waje.
Na zube alewar da ake ajiye wa baƙi kan matashi,
wadda na yi wata bakwai ina tarawa.
Ɗaya ɗaya take zuwa tana ɗauka.
Sai da aka kira la'asar ta zauna a cinyata,
ta ja gemuna, ta ce wane ne wannan.
Lokacin kuwa agogo ya riga ya miƙe.

Ni mai wa'azin ƙarfe biyar
ni na iso da gudu, saura minti shida,
kwalbar shito ƙunshe a tawul, gumi har ƙugu.
Tsohuwar na jingine a sama da sabon ɗankwali,
ta ɗago hannu: sun cuce ni, yaro, amma na ji daɗi!

Jirgi ya yi kukansa mai kama da na bijimi.
Ba taga a ɗakin wanki,
ban ga Tema tana ƙanƙancewa ba.

Da dare kayan ɗari shida da huɗu suka sauko.
A bakin rigar mai furanni
jar ƙasar Akara ce ta kama, kamar lalle.
Injin na buɗe, yana jira.
Na daɗe tsaye da rigar a hannu.