Baƙon da Zai Narke

Shekara goma sha tara ina hawan tuddan Sheffield
da jakar wasiƙu a kafaɗa,
Walkley, Crookes, ƙofa bayan ƙofa,
ruwan sama na biye da ni kamar mai bin bashi.
Karen gida mai lamba arba'in ya saba da ni,
gwiwata ta dama kuwa ta gaji da ni.

Da farko ƙara take yi, ƙas, ƙas,
kamar ana taka busasshen kara.
Daga baya ta bar magana, ta koma cizo.
Ranar da sujada ta gagare ni
na jawo kujerar roba a ƙarshen sahu,
cikin dattawa, ni da ban cika hamsin ba,
goshina na hangen ƙasa daga nesa
kamar wanda aka hana shiga gidansu.

Dakta Hollingworth ta haska hoton a allo.
Ta ce, ka ga nan? Guringuntsi ne ya cinye.
Wurin bai fi faɗin kwabo ba,
amma ƙashi na gugar ƙashi.
Sai ta buɗe tafin hannunta:
wani ɗan farin abu mai huji-huji kamar soso,
iska ma za ta iya sace shi.
Ta ce, wannan ba mazauni ba ne.
Za mu shimfiɗa shi a ramin,
ƙwayoyin jikinka su hau, su kama, su yi gini,
shi kuma yana narkewa sannu sannu
har ranar da za a neme shi a rasa.
Ban yi maka alkawari ba, in ji ta. Gwaji ne.

Na yi shiru.
Na tuna kawu Ɗanlami a gonarsa ta Zonkwa
yana kafa wa doya sanda ta hau.
Kafin a yi haƙa, gara ta gama da sandar,
ban taɓa jin an yi mata ta'aziyya ba.

Aka yi aikin ranar Laraba.
Mako shida ina dogara sanduna biyu,
matakalar gidana goma sha uku ce,
da can ban taɓa ƙirgawa ba.
Bronagh mai gashin ƙashi tana lanƙwasa ƙafar,
tana cewa, saura kaɗan,
ni ina cewa wayyo da Hausa, tana ganewa.

Da dare nakan ɗora hannu a kan tabon
in ce, kai baƙo, kana nan?
Nawa ya rage naka, nawa ya zama nawa?
An ce baƙo raɓa ne,
amma ban taɓa ganin raɓar da ta bar gini a bayanta ba.

'Yata Hajjo ke kawo mini shayi,
Hausarta na ɗingishi fiye da ni.
Tana karatun gine-gine a Leeds,
tana zana gadojin da ba zan taka ba.
Na dubi hannuna da sanyin ƙasar nan ya tsattsaga,
na dubi tsayinta a bakin ƙofa,
na gane aikin da na zo yi.
Ban faɗa mata ba. Na ce ta ƙara sukari.

Wata na tara, da asuba, kowa na barci,
na ture kujerar gefe.
Na sauka a hankali, kamar mai ajiye ƙwai,
hagu tukuna, sannan dama.
Ta yi tsami. Ta yi gunaguni. Ta riƙe.
Goshina ya taɓa darduma,
na ji ƙamshin ƙura da tsohon turare,
na daɗe a nan fiye da yadda sallah ta nema.
A waje motar shara na wucewa,
a cikina wani abu na ƙarewa
ba tare da ya yi sallama ba.