Inabin da Ya Nuna a Bayana

Likkafa ce ta fara gaya mini.
Ƙafar hagu ta daina jin sanyin ƙarfe.
Na ce tsufa ne, ko iskar Cushamen
mai shiga mutum ta wuyan riga.
Herminia ta shafa mini kitsen tunkiya,
ta ɗora tubali mai ɗumi.
Wata bakwai muna wannan.

Ranar sausayar tumaki na diro daga doki,
gwiwoyina suka ce ba su san ni ba.

A asibitin Esquel likita ta ɗaga hoto ga fitila.
Ga ƙashin bayana kamar carbi,
ga wani nonon inabi fari
ya nuna tsakanin ƙwaya ta tara da ta goma,
ya zauna wa laka a wuya.
Ta ce, kana da karnuka?
Na yi dariya. Ka tambayi kifi ko ya san ruwa.

Ta ce ƙwan tsutsa ne, ido ba ya ganinsa,
daga hantar tunkiya zuwa cikin kare,
daga kare zuwa hannu, daga hannu zuwa baki,
kuma yana iya kwana shekara talatin bai yi tari ba.

Sai na tuna Chispa.
Ina ɗan shekara takwas, babana na fiɗa a gindin shinge,
ya jefa mata huhu mai ƙuraje kamar ƙanƙara,
ta lashe, ta zo ta lashi fuskata.
Ita ce bargona a daren hunturu.
Wa zan kai ƙara?

Sun buɗe ni awa shida.
Sun tsinke inabin ɗaya ɗaya don kada ya fashe,
sun wanke gurbin da ruwan gishiri,
sun kafa mini ƙarfe kamar shingen da ya karye.
Ta ce yakan dawo. Ba ta ɓoye ba.

Yanzu ƙwaya safe da yamma.
Babban yatsa ya motsa ranar Talata,
Herminia ta zubar da shayin mate don murna.

Jiya jikana Nahuel ya yanka rago.
Karnuka uku sun kewaye shi, suna kaɗa wutsiya.
Daga kan kekena na daka masa tsawa:
haƙa rami, yaro, mai zurfi,
ka binne hantar.

Ƙaramar ta zo ta ɗora haɓa a cinyata.
Ban ji nauyinta ba.
Na shafa kanta, sannan na nemi sabulu.