Dutse na Shida

Gobe da safe zan tsaya gaban aji,
ɗalibai saba'in da biyu, guntun alli a hannuna,
in faɗa musu abin da ido bai taɓa gani ba
cikin ƙwayar halitta, wadda tsabar gero ta fi ta sau dubbai.
Daren nan ina kan tabarma a Bagalam, fitila ta gaji,
Cima ta samu barci da ƙyar, kanta bisa cinyata.

Zan ce musu: furotin zare ne tun farko,
an jera masa duwatsu iri ashirin kamar jigida.
Wannan na son ruwa, wancan na gudunsa,
sai zaren ya naɗe kansa ba da hannun kowa ba,
ya lanƙwashe, ya dunƙule, ya bar ɗan gurbi a gefe.
Naɗin nan shi ne sana'arsa.
Warware gammo ka gani: tsumma ne, ba ya tare tulu.

In sun yi gardama, in tura su teburin Rabe mai shayi,
su ga ƙwai ya faɗa kasko yana ruwa garai-garai,
wuta ta taɓa shi ya yi fari fat, ya sandare.
Duwatsun na nan, ba wanda ya ɓata,
naɗin ne ya kwance,
kuma duk Maraɗi ba mai maido shi ɗanye.

Anzim kuwa, wa bai san Nomau dillali ba a kara?
Mai jar akuya zai wuni, mai saye zai wuni,
kowa na kallon gabas, ciniki bai faɗa ba.
Nomau ya kama hannun wannan, ya kama na wancan,
ya haɗa su cikin tafinsa: albarka, ƙara kaɗan, sallama!
Ya kakkaɓe riga ya juya ga na gaba.
To akwai irinsa dubu dubu cikin kowace tsokarku,
kowane da hajarsa guda, ba ya taɓa ta wani,
ba ya tsufa da ciniki, ba ya karɓar la'ada.
Ku tauna gurasa, kar ku haɗiye, ku jira:
zaƙin da zai zo muku, dillalin yawu ne ya yanke shi.

Nan za su yi dariya. Nan zan so a buga ƙararrawa.

Don akwai shafin da ke biye.
Cikin jini akwai wani zare mai dakon iska,
duwatsu ɗari da arba'in da shida.
A wajen Cima, na shidan ne aka sauya.
Ɗaya tak.
Mai son ruwa ya tashi, mai gudunsa ya zauna,
zare ya manne wa zare,
ƙwayar da ya kamata ta mirgina kamar faifai
ta tanƙware ta zama lauje,
ta tsaya a lungun jijiya tana girbin ɗiyata.

Rabi daga gare ni, rabi daga uwarta.
Ranar ɗaurin aure an tambayi sadaki, an tambayi asali,
ba wanda ya tambayi dutse na shida.

Ɗazu, kafin zogi ya sake ta, ta ce:
Baba, me ke cizona cikin ƙashi?
Na san sunansa da Faransanci, na san zanensa a allo.
Na ba ta ruwa. Na murza mata gwiwa.

Ga ladan Mokoyo ya fara gyaran murya.
Cikin jikin nan ɗan ƙarami da ke numfashi a cinyata
dillalai dubu dubu na kan aiki, ba su yi kuskure ba,
suna narka kunun jiya, suna ɗinke abin da ya yage.
Zan ƙirga su, in gode.
Sannan in ɗauki alli
in zana lauje da hannun da ba ya rawa.