Amon Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya mahaifina Anselmo
yana duba walda a ma'aikatar jiragen ruwa ta Viana,
'yar guduma a aljihu, kunne a jikin ƙarfe.
Yakan ce, Idalina, fenti maƙaryaci ne,
ƙwanƙwasa ki saurara.

Yanzu huhunsa ne ya yi tsatsa.
Likita ya rufe fayil a hankali
kamar mai jan ƙofar ɗakin da jariri ke barci,
ya ce magani ya kai bango, saura rakiya.
Na fita neman gidan da ake raka mutum,
da tambayoyi goma sha bakwai
a bayan takardar kuɗin wuta.

Na farko yana kan tudu, fari fat.
Dona Filomena ta tarbe ni da kofi
da murmushin da ya sha guga.
Furanni a kowace taga, takardun yabo cikin gilashi.
Na ce, masu jinya nawa ke kwana?
Ta ce, isassu.
Na ce, in ciwo ya taso ƙarfe ukun dare,
makullin allura yana hannun wa?
Ta ce, muna da tsari.
Sai ƙararrawa ta yi kuka a ɗaki na shida.
Na shiga ƙirga a zuci,
irin ƙirgar da ake yi tsakanin walƙiya da tsawa.
Na wuce ɗari biyu. Kofina ya huce.
Ban ji takun kowa ba.

Na biyu yana bayan kasuwar kifi, gab da kogin Lima,
bangonsa ya sha gishirin teku har ya yi ɓawo.
Ban je da rana ba.
Sha ɗaya da rabi na dare na buga ƙofa, ana yayyafi.
Graciete ce ta buɗe, rigarta da ɗigon shayi a ƙirji,
ba ta kuwa yi mini kwana-kwana ba:
gado goma sha huɗu, mu biyu muke kwana,
da mu uku ne, ɗayar ta bi albashi zuwa Faransa.
Likita Talata da Juma'a, sauran ranaku waya,
amma yana ɗauka.
Na ce, shekararki nawa a nan?
Ta ce, tara. Mai girki ta riga ni da huɗu.

Ƙararrawa.
Ban kai bakwai ba ta bar ni tsaye da takardata.
Ta wata ƙofa da ba ta gama rufuwa ba
na hango Belmiro mai goge ƙasa ya jingine sandarsa,
yana jiƙa leɓen wata tsohuwa da auduga,
yana ba ta labarin ƙwallon jiya
ita kuwa idonta a rufe, yatsanta na motsi.

Ban ce ba aibi ba.
Miyarsu lami ce,
lif ɗin sai ya yi tari kafin ya tashi,
tawul duk sun koɗe,
tambayoyina biyar ba su sami amsar da nake so ba.
Na kwana ina awo, sikelin na rawa.

Ran Asabar na turo shi a keke.
Bai kula taga ba, ga kuwa kogi shimfiɗe a cikinta.
Ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon sau biyu,
ya karkata kai.
Sannan ya dubi Graciete:
in na ji tsoro cikin dare fa?
Ta ce, za ka ji.
Danna nan, in zo mu zauna da shi tare.

Ya daɗe bai ce komai ba, numfashinsa na jan ƙasa.
Can ya juyo gare ni ya ce,
wannan waldar za ta riƙe.

Na ninke takardar na sa a jaka.
Sai a mota na lura
kuɗin wutar ma ban biya ba.