Garin da Ba a Tuƙa Tuwo da Shi

Shekara goma sha ɗaya na riƙe wa Arzika tsani.
Shi yana sama, zarto a hannu, ƙusa uku a baki,
ni ina ƙasa, ina kallon faso a dugadugansa.
Daga Gawon Nama har Runjin Sambo
babu unguwar da ba mu sa wa silin asbesto ba.
Masu gida na sonsa: wuta ba ta cinsa,
gara ba ta cinsa,
zafin Sakkwato ma yakan tsaya daga waje ya yi sallama.

In zarto ya shiga allon, gari kan zubo,
fari tas, mai laushi kamar na alkama.
Ya sauka a gira, ya sauka a gemu,
ya sauka a kwanon furarmu da muka manta a buɗe.
Arzika sai ya hure bakin kwanon, ya kurɓa,
ya ce, "Sha, yaro, ƙasa ba ta kashe ɗan ƙasa."
Muka yi dariya. Na sha.

Da yamma Ige takan karɓi rigarsa,
ta kakkaɓe a tsakar gida kafin wanki,
yara na wasa a cikin abin da ke tashi.

Ba wanda ya ce mana komai.
Ɗan kwangila yakan ƙirga allo, ya ƙirga ƙusa,
ya ƙirga mu.
Bai taɓa ƙirga numfashi ba.

Shekara talatin abin ya kwanta,
ya fi mai bin bashi haƙuri.
Sannan tari ya zo, busasshe, ba majina.
Muka ce sanyi ne. Aka dafa citta da kanumfari.
Muka ce tsufa ne.
Mutumin da ke hawa rufi da allo biyu a ka
ya koma hutawa sau uku tsakanin zaure da masallaci.

A asibitin koyarwa likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila.
Ba ta tambayi abin da ya ci ba,
ta ce, "Baba, wane aiki ka yi?"
Ya nuna sama da yatsa.
Dukanmu muka ɗaga kai.
Silin ɗakin fari ne, da tsaga a gefe,
na tsaya ina duban layin ƙusoshin
ko zan gane hannun wanda ya buga.

Ya cika ana gobe Salla, a zaune,
don kwanciya ta daɗe da gagararsa.
Zartonsa ya bar mini, da guduma mai ɗaurin roba.
Ige kuwa, da ba ta taɓa hawa tsani ba,
bana ita ma ta fara tsayawa a tsakiyar magana.

Yanzu aikin cirewa ake kiran mu,
tsoffin makarantu, gidajen ma'aikata.
Abin da muka ɗora, mu ke saukewa.
Kafin kowa ya taɓa allo sai na jiƙa shi sharkaf,
ba fasawa, ba zarto, ba tsintsiya,
a zare ƙusa, a sauke shi ɗungum, a naɗe a leda.
Takunkumi mai matata na saya wa yarana da kuɗina,
rigar aiki kuma ba ta bin kowa gida.

Ɗan kwangila ya ce ina ɓata masa yini.
Na ce ya rage a ladana.
Ya rage.

Jiya Nomau ya zame nasa zuwa haɓa,
wai zafi, wai gumi na shiga masa ido.
"Maigida, mi ƙura 'yar wagga za ta yi min?"
Ban yi faɗa ba.
Na sauko da shi, na zaunar da shi gindin dogon yaro,
na kama hannunsa na ɗora a ƙirjina,
na ce ya yi shiru ya saurara.

Ban sani ba ko ya ji wani abu.
Ni dai da dare nakan ji,
can ƙasa, ɓangaren hagu,
kamar ana taka busasshen ganye a wani gida.