Tiya Biyu

Tiya biyu gare ni a da, a rumfar awo ta Malumfashi.
Ɗaya mai zurfin ciki, da ita nake saye.
Ɗayar na bubbuge gindinta da dutse tsakar dare,
da ita nake sayarwa.
Shekara goma sha ɗaya ina cin ratar da ke tsakaninsu,
tafi guda na gero daga kowace mace
da ta kwance bakin zane ta ƙirgo mini kuɗi.

Ran Lahadi kuwa bencin gaba nawa ne,
Amin ɗina ya fi na kowa ƙara.
Ina ce ni ke riƙe da tiya,
ashe ita ta sa mini asawaki,
tana ja, ina bi, ina fara'a.

Sai ga Barmani, gwauruwar Gidan Korau,
ta dawo da awonta a ƙwarya, ta dire gabana.
Ba zagi, ba kiran sarkin kasuwa.
Ta ce, Tanimu, jikoki huɗu, tuwon bai kai ba.
Na sani tun bara.
Na yafe maka saboda Wanda ya yafe mini.
Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.
Da mari ta yi, da na samu abin ramawa.

Daren nan na durƙusa bayan rumbu,
bakina ya kasa haɗa addu'a,
sunan Yesu kaɗai na iya, shi na yi ta maimaitawa.
Bashin da ba ni da littafinsa,
na iske an biya shi tun a kan gicciye.
Da safe na ɗaura buhu a amalanke,
gida gida, ina mayarwa, ina sunkuyar da kai.
Wasu suka karɓa, wasu suka yi dariya.
Ranar na yi barci har zakara ya gaji da cara.

To, bana ga taki ya yi tsada,
ga kuɗin makarantar Rahila,
ga ƙafar Asabe da ta ƙi warkewa.
Maƙwabcin rumfata ya ce, kai kaɗai ne waliyyi?
Kowa na yi, har masu wa'azi.
Na dawo gida, ƙafata da kanta ta nufi ƙarƙashin rumbu.
Tana nan. Ban taɓa yar da ita ba.
Me ya hana ni? Kada ku tambaye ni, na san amsa.

Tsatsa ta ci bakinta, amma muryarta ba ta tsufa ba:
Kasuwa ɗaya kawai, Tanimu,
ka biya asibiti, ka sake tuba.

Akwai wata akuya da muka yi,
igiyarta ta tsinke tun da damina,
ga ƙofa buɗe, ga ciyawa har bakin rafi,
amma kullum magariba sai ta koma gindin turke
ta miƙa wuya tana jira.
Yara na mata dariya. Ni ban yi ba.

Ya Almasihu, kai ka tsinke tawa.
Ba don in yi kiwo in dawo ka tsinke ta ba.
Wuyana har yau da shaidar igiya,
wani lokaci ma ƙaiƙayi yake,
kada ka bar ni in sosa shi da turke.

Na nemo ƙusa da guduma.
Huda bakwai na yi wa gindinta,
kowane bugu sai da na ji shi a haƙori.
Asabe ta leƙo, ba ta ce komai ba,
ta ɗingiso ta cika ta da ƙasa,
ta dasa zogale.

Gobe kasuwa.
Kuɗin asibiti ba su sauko daga sama ba,
kuma ban ce tsoro ya bar ni ba.
Amma tiya ɗaya zan ɗauka,
in saya da ita, in sayar da ita,
in cika ta har ta yi tozo,
in dubi Barmani ido cikin ido
in ce mata, ina kwana.